Abin da matacciyar fitila ta koya mana

   

Yau da labarin fitila za mu fara. A zangon karatun da ya wuce, mu huɗu da ke ɗaki ɗaya a makaranta mun yi asarar fitila mai caji har guda uku. Irin fitilar nan ce ta roba mai ƙananan ƙwayaye farare, wadda ake soka ƙafafunta kai tsaye a soket. Ta farko ta yi wata biyu ta daina riƙe caji. Ta biyu ma haka. Ta uku kuwa ana saura kwana huɗu mu fara jarrabawa ta yi wani haske mai ƙarfi sau ɗaya, daga nan ba ta sake kamawa ba. Kowace karo-karo muka yi muka saya, kuma kun san aljihun ɗalibi. A daren muka yi karatu da tocilan waya har cajinta ya ƙare.

Da gari ya waye ɗayanmu ya ɗauke ta zai kai bola, sai wani ya ce a dakata, ai ko mutuwa ta yi ya kamata mu san abin da ya kashe ta, in ba haka ba ta huɗun ma hanyar za ta bi. Da muka gama jarrabawa muka ari sukudireba da mita a wajen wani mai gyaran rediyo, muka zauna a kanta. Abin da muka yi a ranar yana da suna a wajen injiniyoyi, kuma shi ne darasinmu na yau.

Mene ne bin sawun ƙira?

Injiniya yakan fara da tunani, ya zana taswirar yadda wuta za ta bi, sannan a ƙera na'urar. Mai bin sawun ƙira kuwa daga ƙarshe yake farowa. Na'urar ce a hannunsa, babu taswira, babu wanda zai tambaya. Sai ya bi ta a hankali har ya fitar da taswirar da kansa, ya kuma gane dalilin da ya sa aka sa kowane abu a inda yake.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Yaron tela da ke son gane yankan wata riga yakan samu tsohuwa ya farke ɗinkinta, ya shimfiɗa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya ya ga yadda aka fitar da wuya da hammata. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano kullum cikin irin wannan aiki suke, suna bin layi da mita a kan allon da suke kira fanel har su kai ga inda wuta ta tsaya. Bambancin kawai shi ne allon waya yana da hawa takwas ko goma a manne da juna, yawancin layukansa a ɓoye suke a ciki. Allon fitila kuwa hawa ɗaya ne, komai a fili. Shi ya sa ya dace da mai koyo.

Yadda muka bi allon

Abu na farko, mun ɗauki hoton cikin fitilar kafin mu taɓa komai, domin mu san inda kowace waya take. Mun ɗauki allon gaba da baya. A gaba kayan suke zaune, a baya kuma akwai siraran layukan jan ƙarfe da ke haɗa su. Waɗannan layuka su ne hanyoyin wuta. In ka ɗaga allon ka haska shi ta baya, za ka ga inuwar layukan daidai ƙarƙashin kayan.

Abu na biyu, mun rubuta sunan duk abin da muka gani. Masu ƙira sukan taimaka da haruffan da suke bugawa a kan allo. R na nufin rezista, mai rage gudun wuta. C kafasita ce, mai ajiye caji na ɗan lokaci. D dayod ne, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Q taransista ce, U kuma cif. A allonmu babu Q babu U. Abin da muka samu duka-duka shi ne wata kafasita ja mai kama da alewa, rezista uku, dayod huɗu baƙaƙe, ƙaramar ƙwayar ja mai nuna ana caji, makunni, batir, sai jerin fararen ƙwayayen.

Abu na uku, karanta lambobi. A jikin kafasitar an rubuta 105J 400V. Lambobi biyun farko a ɗauke su yadda suke, wato 10, na ukun kuma yawan sifilin da za a ƙara ne. Ka ga 10 da sifili biyar ya zama 1,000,000. Ma'aunin fikofarad ne, kuma fikofarad miliyan ɗaya shi ne maikurofarad 1. Harafin J na nufin za ta iya ɗarawa ko gazawa da kashi 5 cikin 100, sai 400V da ke nuna iyakar ƙarfin wutar da za ta jure. Dayod ɗin kowanne 1N4007 ne, wanda ke ɗaukar amfiya 1 kuma yake tare wuta har bolt 1,000. Rezista kuwa da zoben launi ake karanta su, kamar yadda yake a littafin fizis: ruwan ƙasa, baƙi, ja na nufin om 1,000. A jikin batirin an rubuta bolt 4, ƙarfin ajiyarsa 900mAh, kuma nauyinsa ya nuna mana na dalma ne, ɗan ƙaramin ɗan'uwan batirin mota.

Abu na huɗu shi ne ainihin bin sawun, kuma nan ne haƙuri ke aiki. Mun juya mita zuwa wurin da take ƙara idan wurare biyu a haɗe suke. Mutum ɗaya ya ɗora tsinke ɗaya a ƙafar soket, ya riƙa taɓa ƙafafun kayan da ɗaya tsinken. Duk inda mita ta yi ƙara, na biyu ya ja layi a takarda. Zanenmu na farko ya fito kamar sawun kaji. Sai da muka sake shi sau uku, muna sa shigar wuta a hagu, batir da ƙwayaye a dama, kafin ya zama abin da za a iya karantawa.

Ga abin da taswirar ta nuna. Wutar gida tana shiga ta ƙafa ɗaya, ta ratsa jar kafasitar. A gefen kafasitar an jingina rezista mai babbar lamba. Daga nan wutar ta shiga dayod huɗun da aka jera kamar gada, waɗanda ke mayar da wuta mai kai-komo ta zama mai tafiya fuska ɗaya. Daga gadar sai batir kai tsaye. Daga batir sai makunni, sai rezista, sai ƙwayaye. Iyakarta ke nan.

Inda fizis ɗin aji shida ya yi rana

Tambayar da ta tsaya mana ita ce, ta yaya wuta mai bolt 230 take cajin batir mai bolt 4 ba tare da taransifoma ba? Amsar tana cikin darasin da da yawanmu muka haddace don jarrabawa kawai. Kafasita tana tare wuta mai kai-komo gwargwadon girmanta da saurin kai-komon. Wutar Najeriya tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Lissafin shi ne a ninka 2 da 3.14 da 50 da 0.000001, sannan a raba 1 da abin da ya fito. Za ku samu kimanin om 3,185. In aka raba 230 da 3,185, wutar da za ta wuce ba ta fi miliamfiya 72 ba. Wato kafasitar nan mai kama da alewa ita ce mai gadin ƙofa, tana barin wuta kaɗan-kaɗan ta shiga batir. Dabara ce mai kyau, mai arha ƙwarai.

To amma da muka ƙura wa taswirar ido, sai muka lura da abin da babu. Babu wani abu da zai tsayar da caji idan batir ya cika. Batir mai 900mAh da ake ba wa kimanin miliamfiya 70 zai cika cikin kimanin awa 13. Bayan nan wutar ba ta daina shiga ba. A batirin dalma, cajin da ya wuce kima yana raba ruwan ciki ya zama iska, batirin ya bushe a hankali. Mu kuwa ɗabi'armu ita ce mu bar fitila a soket dare da rana, don ba mu san lokacin da za a kawo wuta ba. In aka yi kwana biyu da wuta, kwana biyu take shan caji. Ashe mu da kanmu muka kashe ta farko da ta biyu.

Ta ukun fa? A wannan tsari batirin ne ke riƙe ƙarfin wutar a wajen bolt 4, shi ne kuma ke shanye duk wata fizgar da ta zo lokacin da aka kawo wuta ko aka soka fitilar. Idan ya bushe, babu mai wannan aiki. A daren da ta mutu tana soke a bango kuma a kunne, aka kawo wuta, fizgar ta wuce kai tsaye kan ƙwayayen da bolt 3 kacal suke buƙata. Hasken nan mai ƙarfi da muka gani shi ne ƙonewarsu. Sai a lokacin muka fahimci dalilin gargaɗin da ake rubutawa a kwalin irin waɗannan fitilu cewa kada a kunna ana caji.

Kun ga da kwaikwayon allon kawai muka yi, muka sayi kaya iri ɗaya muka jera yadda muka gani, da mun ƙera fitilar da za ta mutu kamar sauran. Taswirar ce ta nuna mana abin da maƙerin ya sa da kuma abin da ya bari don ya rage kuɗi. Daga baya, da taimakon mai gyaran rediyon nan, mun cire ɓangaren wutar gida gaba ɗaya, muka sa sababbin ƙwayaye da batirin litiyam da wani ɗan allon caji mai cif TP4056, wanda ke yanke caji da kansa idan batir ya kai bolt 4.2. Yanzu da cajar waya muke cajinta, kuma har yau tana aiki.

Manya ma haka suka yi

Kada ku ɗauka wannan aikin masu ƙaramin ƙarfi ne kawai. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur. Kusan duk kayan cikinta ana samunsu a kasuwa, har da ƙwaƙwalwarta ta Intel 8088. Abin da ya zama na IBM shi kaɗai shi ne wani ɗan shiri da ke cikin cif, mai suna BIOS, wanda ke tayar da kwamfuta ya haɗa ta da allon rubutu da sauran sassa. IBM ya buga rubutun shirin a littafin bayanin kwamfutar, kowa na iya karantawa, amma doka ta hana a kwafa. Kamfanoni irin su Eagle Computer da Corona Data Systems da aka zarga da kwafa sun sha matsin lauyoyin IBM, dole suka sake nasu.

Wasu injiniyoyi uku da suka bar Texas Instruments, wato Rod Canion da Jim Harris da Bill Murto, sun kafa Compaq a birnin Houston a 1982. Su ba su kwafa ba. Sun nazarci abin da BIOS ɗin yake yi, suka rubuta nasu daga tushe wanda ke yin aiki iri ɗaya. Kwamfutarsu ta shiga kasuwa a 1983, kuma a shekarar farko suka yi cinikin dala miliyan 111. A 1984 kamfanin Phoenix ya bi hanyar da ta zama abin koyi. Ya raba ma'aikata gida biyu. Rukunin farko ya nazarci shirin IBM ya rubuta bayanin aikinsa kawai: in an ba shi kaza, yana mayar da kaza. Rukuni na biyu, wanda bai taɓa ganin rubutun IBM ba, ya karɓi bayanin ya rubuta sabon shiri. Phoenix ya riƙa sayar da shi ga duk mai so, kamfanoni da yawa suka shiga ƙera kwamfuta, farashi ya sauko. Kwamfutocin da ke ɗakin kwamfuta na makarantarku jikokin wannan aiki ne.

Akwai kuma masu bin sawu don kada ilimi ya ɓace. A 1975 kamfanin MOS Technology ya fitar da cif mai lamba 6502 a kan dala 25, lokacin da takwarorinsa suka ninka haka sau da yawa. Shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar Apple II, kuma wani nau'insa ne ke cikin na'urar wasan Nintendo mai kaset, wadda yayyenmu suka buga wasan Mario a kan irinta. Da hannu aka zana shi. Bayan shekara talatin da wani abu, mutum uku, Greg James da Barry Silverman da Brian Silverman, suka narkar da baƙar robar da ta rufe cif ɗin da asid mai zafi, suka ɗauki hotunan cikinsa da madubin ƙara girma, suka bi layukan ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da taransista 3,510 da yadda aka haɗa su. A 2010 suka nuna aikin, mai suna Visual 6502, inda mutum zai ga cif ɗin yana aiki a fuskar kwamfuta, kowane layi yana canza launi idan wuta ta bi ta kansa. Aikin da muka yi da mita da takarda shi suka yi, sai dai nasu allon bai kai girman farce ba.

To, ba sata ba ce?

Tambaya ce mai kyau, kuma gara ku yi ta tun yanzu. Buɗe abin da ka mallaka don ka gane shi, ka gyara shi, ko ka koyi darasi, ba laifi ba ne. Hatta dokar kare zanen cif da Amurka ta yi a 1984 ta yarda a bi sawun cif don koyarwa da nazari. Inda matsala take shi ne ka kwafi aikin wani yadda yake ka sayar, ko ka manna sunan kamfaninsa a kan naka don a ɗauka na asali ne. Wannan shi ne jabu, kuma cajar jabu ta ƙona wayoyi da yawa, wani lokaci har da ɗaki. Haka nan amfani da wannan ilimi wajen buɗe wayar da aka sato ko juya mitar wuta, sunansa sata ko da wane irin gwaninta aka yi shi.

Kafin ku ɗauki sukudireba

A nan muna roƙonku ku karanta da kyau, domin mu kanmu mun ɗanɗana. Wancan rezista da muka ce an jingina a gefen kafasita, aikinsa shi ne ya zubar da cajin da ya rage bayan an zare fitila. A fitilarmu ta biyu ya lalace ba mu sani ba. Ɗayanmu ya soka ta ya zare don gwaji, ya taɓa ƙafafun, ta fizge shi har sukudireba ya faɗi. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a tsorata. Wutar gida mai bolt 230 tana kaiwa bolt 325 a ƙololuwarta, kuma kafasita na iya riƙe kusan haka.

Saboda haka, kada ku taɓa soka na'ura a wuta tana buɗe. A irin wannan fitila babu abin da ya raba allon da wutar gida, ko wayar batirin ka taɓa tana soke za ta iya kashe mutum. Kada ku buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya, ko inbata, ko situbilaiza, ko na'urar ɗumama abinci, domin suna riƙe caji mai kisa ko an daɗe da kashe su. Kada ku huda batirin waya ko ku lanƙwasa shi, musamman wanda ya kumbura, yana kamawa da wuta. Batun asid kuwa ku bar wa masu ɗakin gwaji. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa allo, don dalmar da ake liƙi da ita guba ce, kuma ku nisanta ƙananan kayan daga ƙannenku masu sa abu a baki. Sannan ku nemi izini. Rediyon Baba da ke aiki ba abin gwaji ba ne.

Aikin wannan mako

Ku nemi matacciyar na'ura mai amfani da batirin tocila kawai: ƙaramar tocila, rimot, ko motar wasan yara. Ku cire batirin. Ku zana allon gaba da baya a littafinku, ku rubuta duk harafi da lambar da kuka gani, sannan ku bi layin jan ƙarfe da ido daga inda kan batir yake taɓawa har ku dawo gindinsa. Ko babu mita za ku iya, in allon mai hawa ɗaya ne. A kan kowane abu ku tambayi kanku, me zai faru in aka cire shi? Wanda kuka kasa amsawa ku kai wa malamin fizis ko mai gyaran rediyon unguwarku, ku gaishe shi da ladabi ku nuna masa zanen. Matambayi ba ya ɓata, kuma mun lura masu gyara suna sakin jiki da yaron da ya zo da takarda a hannu.

Mu dai yanzu akwai kwali a ƙarƙashin gadonmu cike da matattun caja da rimot da rediyo guda biyu, kowanne yana jiran ranarsa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu buɗe cajar waya mu ga dalilin da ya sa ta asali ta fi ta jabu nauyi, da kuma wani ɗan fili da ake bari babu komai a tsakiyar allonta, wanda shi ne ke tsakanin hannunku da wutar gida.

Mu kwana nan. Allah ya ƙara basira.